Na Kai Yaya Inda Ƙanƙara Ke Tafiya

Shekara 11 Yayana ya yi yana sayar da ƙanƙara a Kano kafin ya koma harkar kayan masarufi. Firiza shida gare shi a wani shago a bakin layinmu, da janareta biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Da kuɗin ƙanƙarar nan aka biya mini makaranta tun daga sakandare har na gama digirin farko. Duk wanda ya yi azumi a Kano cikin bazara ya san yadda abin yake: tun la'asar layi ya fara, yara da kuloli, mata da ledoji, kowa gabansa na faɗuwa kada a ce ta ƙare. Na tashi ina kallon mutum yana kokawa da narkewa. In an ɗauke wuta tsakar dare shi zai tashi ya ja janareta, in mai ya ƙare ya kwashe ƙanƙarar ya jera a buhu, ya binne ta cikin garin katako, yana roƙon Allah ta kai gobe.

Shi ya sa da ya ce zai kawo mini ziyara Manchesta, inda nake aiki yanzu, na ce masa ya nemi biza biyu, don zan kai shi ƙasar Ayislan. Ta Ingila ba ta shigar da mutum Ayislan, sai ta Shengen, kuma mai koren fasfo gara ya fara nema da wuri. Ya ce, "Auta, me aka ajiye a can?" Na ce ƙanƙara. Ya yi dariya har da tari, ya ce wadda ya gani a rayuwarsa ta ishe shi. Amma ya nema, aka kuma ba shi.

Ƙarshen Satumba na zaɓa, saboda salla. A watan Yuni rana takan yi kusan awa 21 a sama a ƙasar, a Disamba kuma da ƙyar ake samun hasken awa huɗu. A ƙarshen Satumba dare da yini kusan kai ɗaya suke, gari ya waye wajen bakwai da 'yan mintuna, magariba ta yi wajen bakwai na yamma, mutum ba ya shiga ruɗani. Jirgi bai cika awa uku ba ya sauke mu a Keflavik. Mai ba da hayar mota ya miƙa mana mukulli tare da gargaɗi uku: fitila a kunne dare da rana, kada taya ta sauka daga kan hanya don doka ta hana, sannan duk wanda zai buɗe ƙofa ya riƙe ta da hannu biyu, domin iskar ƙasar tana fizge ƙofar mota ta lanƙwasa ta, kuma inshora ba ta biyan wannan. Da Yaya ya ga sitiyari a hagu, tuƙi a hannun dama kamar gida, sai ya karɓi mukullin. Bai ƙara ba ni shi ba sai ranar dawowa.

A Rekyabik, babban birnin ƙasar, muka kwana. Birni ne ƙarami mai tsafta, ƙasar ma gaba ɗaya mutanenta ba su kai dubu 400 ba. Abin da ya tsaya wa Yaya a rai shi ne ruwan zafin banɗaki, mai warin farar wuta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Matar da ke kula da masaukin ta ce daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi da zafinsa, ba tukunya ba itace. Yaya ya sa na tambaye ta yaushe rabon da a ɗauke musu wuta. Ta yi shiru tana tunani, ta kasa tunawa. Ta ce mafi yawan wutarsu daga madatsun ruwa take, sauran daga tururin ƙasa, kuma manyan kogunan da ke juya injinan daga narkewar ƙanƙarar tsaunuka suke fitowa. Da na fassara masa sai ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah. Mu can wuta ke ba da ƙanƙara, su nan ƙanƙara ke ba da wuta."

Da sassafe muka kama hanya mai lamba 1, wadda ta zagaye tsibirin gaba ɗaya, sama da kilomita 1,300. Mu kudu kawai muka nufa. Mun wuce Hveragerdi, inda tururi ke tashi daga gindin tsaunuka kuma ake noma tumatir a ɗakunan gilashi, mun wuce Selfoss, daga nan gari ya buɗe. Ciyawa ta fara ja, tumaki masu kaurin gashi na kiwo ba makiyayi, gajerun dawakai sun juya wa iska baya. Bishiya kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba. Mun tsaya a Seljalandsfoss, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 60 har mutum na iya zagayawa ta bayansa. Muka jiƙe, muka koma mota muka sha shayin fulas. Kyakkyawan wuri ne, amma ba shi ya kawo mu ba.

A saman wannan ruwan akwai farar hula a kan tsauni, gajimare na rufe ta yana buɗewa. Eyjafjallajokull ke nan, wanda ya yi aman wuta a Afrilun 2010, tokarsa ta rufe sararin Turai kusan mako guda, aka soke tashin jirage wajen dubu 100. Yaya ya tuna, don a lokacin wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa ya maƙale a hanya. Bai taɓa zaton zai tsaya a gindin dutsen da ya jawo hakan ba.

A nan ne na gane kalma ta yi mana kaɗan. Mu ƙanƙara ɗaya muka sani, ko wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina ta fasa ganyen dawa, ko ta firiza. Su kuwa suna da suna na musamman ga wannan abu, suna rubuta shi jokull, a baki kuma ya fi kusa da "yokul", shi ya sa duk sunayen ke ƙarewa da shi. Kafin tafiyar, dutsen ƙanƙara nake ce wa Yaya. Abin da na ɗauka ke nan: wani farin tsauni a tsaye, kamar Dala amma na ƙanƙara.

Solheimajokull ne ya gyara mini fahimta. Ana barin babbar hanya a bi wata 'yar ƙarama zuwa wurin ajiye motoci, daga nan a taka da ƙafa kamar minti 20. Jagorarmu wata matashiya ce 'yar ƙasar, mu takwas ta haɗa. Ta raba mana hular kwano, da ɗan gatari, da wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi. Ta duƙa da kanta ta ɗaure wa Yaya nasa, shi kuma kunya ta kama shi, yana ta cewa in gaya mata ta bari zai iya. A kan hanya ta tsaya ta nuna mana bayanmu, ta ce ba a daɗe ba daga wurin ajiye motocin nan 'yan taku kaɗan ake yi a hau ƙanƙara. Duk tafiyar da muke yi yanzu, a kan wurin da ta bari muke yin ta.

A gefen hanyar akwai wani allo da aka rubuta shekaru da lambobi da hannu. Ɗaliban wata makaranta ce a garin Hvolsvollur ke zuwa kowace kaka tun 2010, su auna tazarar da ke tsakanin allon da bakin ƙanƙarar, su rubuta. Lambar kowace shekara ta fi ta bara, har abin ya kai ɗaruruwan mitoci. Inda yaran farko suka tsaya da igiyar awo, yanzu tafki ne mai ruwan toka, har sai da jirgin ruwa ake ƙarasa awon. Yaya ya daɗe a gaban allon nan. Ba ya buƙatar fassara, lissafi ne irin na littafin shago. Ya ce mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sha ba shi labarin lokacin da yake zuwa Baga sarin banda, ruwan tafkin Chadi na bakin gari, daga baya sai da aka riƙa bin sa da tafiya. Bai ƙara komai a kai ba, muka ci gaba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba fara ba ce. Baƙa ce da fari, zane-zane kamar jikin zabuwa, ga datti, ga tsakuwa. Jagorar ta koya mana tafiya: a buɗe ƙafa, a buga ta da ƙarfi haƙoran su kama, kada a yi sanɗa. Taku goma na farko gwiwoyina rawa suke. Sai kunne ya fara jin abin da ido bai gani ba. Ko'ina ƙarar ruwa ce, a gefe, a gaba, a ƙarƙashin ƙafa. Ta kai mu bakin wani rami mai kama da rijiya, ta riƙe mu ɗaya bayan ɗaya muka leƙa. Ruwa na kwarara ciki yana ɓacewa, bangon ramin kuwa shuɗi ne irin wanda ban taɓa gani ba, ya fi na baba haske, ya fi na sama zurfi. Ta jefa dutse. Ban ji saukarsa ba.

A nan ta yi mana bayanin yadda abin ke samuwa. Dusar ƙanƙara ce ke sauka a kan tsauni, ta bana ta hau ta bara ba ta narke ba, shekara bisa shekara, nauyin ta sama na matse ta ƙasa har iskar da ke tsakani ta fice, ta zama dunƙule guda. Wadda ta matsu sosai ita ke shanye jan haske ta bar shuɗi. Idan kaurin ya kai mita 40 zuwa 50, nauyin kansa sai ya sa ta fara malalowa gangare, a hankali, kamar kunu mai kauri a faranti. Tsagogin da muke tsallakewa, wurin da ta lanƙwasa ne ta dare. Na tambaye ta, to in tana gangarowa gaba, ya aka yi take ja da baya? Ta ce tafiyar ba ta tsaya ba, bakin ne ke narkewa fiye da yadda ake turo masa daga sama. Na juya na ce, "Yaya, ashe kogi ne. A kan kogi muke tsaye." Ya dubi ƙafafunsa ya ce, "Subhanallahi."

Can gaba muka iske wasu tulin baƙar ƙasa masu tsini, kamar surin gara, wasu sun kai ƙugu, wasu sun fi mutum. Jagorar ta sa gatari ta kankare gefen ɗaya, sai ga ƙanƙara tas a ciki, ƙasar ba ta fi kaurin tafin hannu ba. Ta ce toka ce ta aman wuta, har da ta Katla, dutsen da ke kwance a ƙarƙashin babbar ƙanƙarar Myrdalsjokull da wannan reshe ya fito daga cikinta, wanda rabonsa da babban amai tun 1918. Sai ta tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da ya sa wuraren nan suka yi tsini alhali kewayensu ya lotsa. Turawan da ke tare da mu suka yi shiru. Ban gama fassara tambayar ba Yaya ya tsuguna, ya cire safar hannu, ya damƙi tokar ya murza.

"Auta, gaya mata garin katako ne. Inda aka lulluɓe da kauri, zafi ba ya shiga, sai ta gefe ta narke ta bar ta a tsaye. Amma in ɗan kaɗan aka barbaɗa, baƙi ne, rana yake ja, ya fi saurin cinye ta. Gara ma a bar ta tsirara."

Na faɗa mata kamar yadda ya faɗa. Ta buɗe baki tana kallonsa, ta ce haka yake daidai, har da na biyun da ba ta kai ga faɗa ba. Ta tambayi ko malamin kimiyya ne. Na ce a'a, mai sayar da ƙanƙara ne a garin da zafi ke wuce digiri 40. Daga nan har muka sauko a gefensa take tafiya, tana tambaya ina fassarawa: kwana nawa dunƙule ke yi a buhu, me ya sa wata ke fita garau wata fari. Ya ce wadda ta daskare a hankali ita ce garau, kuma ita ta fi daɗewa. Na yi shekaru ina karatu da guminsa, ban taɓa zama na tambaye shi abin da ya sani ba. Sai da wata baƙuwa ta yi a gabana, a kan tsauni, a ƙarshen duniya.

Mun kwana kusa da Vik, ƙauye mai coci a kan tudu da bakin teku mai baƙin yashi. An gargaɗe mu kada mu juya wa ruwan Reynisfjara baya, don igiyarsa kan zo ba zato ta ja mutum, kuma ta sha yin kisa. Daga nesa muka tsaya. Abinci a ƙasar akwai tsada ƙwarai, ga kuma batun yanka, don haka kifi muka riƙe, da burodi, da wani abu da suke kira skyr mai kama da kindirmon da aka tsane, sai dabino da yajin da Yaya ya taho da su. A wani kanti ya ga busasshen kifi ya ce wannan ai ya san shi a kasuwar Sabon Gari. Gaskiyarsa ne, Najeriya na cikin manyan masu sayen busassun kawunan kifin Ayislan.

Kashegari muka ratsa Eldhraun, fili iya ganinka na daskararren aman wuta da gansakuka ta lulluɓe, kore-kore, laushi-laushi kamar an shimfiɗa bargo a kan duwatsu. Daga aman Laki na 1783 ya fito, wanda gubarsa ta kashe dabbobi, yunwa ta biyo baya ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Bayan ƙauyen Kirkjubaejarklaustur kuma sai kore ya ƙare ɗungurungum. Muka shiga Skeidararsandur, hamadar baƙin yashi, shafal, ba gida ba ciyawa, sai ƙoramu masu launin madara da toka suna yawo a kanta. Gadojin da yawa mota ɗaya suke ɗauka, wanda ya riga isa shi ke wucewa. A hagu kuma, daga wannan ƙarshen sama zuwa wancan, wani farin abu ya tokare. Yaya ya ɗauka gajimare ne. Vatnajokull ne.

Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 7,700, wato ya fi kashi ɗaya cikin uku na jihar Kano, kuma a wasu wurare kaurinsa ya doshi kilomita guda. A ƙarƙashinsa akwai duwatsu masu aman wuta da ransu. A 1996 ɗaya ya fashe a ƙarƙashin ƙanƙarar, ya narkar da ita daga ciki, ruwan ya taru a kwarin Grimsvotn har makonni. Mutane sun san yana zuwa, aka rufe hanya, aka zauna jira. A farkon Nuwamba ya ɓalle. Ya ɗauko gutsattsarin ƙanƙara masu girman gidaje ya yi ta jifan gadoji da su, ya share ɗaya gaba ɗaya, ya karya wani sashe na babbar. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. A bakin hanya an bar wasu ƙarafan gadar guda biyu don tunawa, kaurinsu ya fi ƙirjin mutum, an murɗe su kamar yadda mace ke matse wanki.

A gindin ƙarafan nan muka yi azahar da la'asar, ƙasaru, a haɗe. Da ruwan gora muka yi alwala, duk da haka kafin in wanke ƙafa yatsuna sun daina ji. Sanyin bai kai na daskarewa ba a ma'auni, amma iskar da ke sauka daga kan ƙanƙara ta sa muku-mukun Jos ya zama wasa. Muka danne kusurwoyin darduma da duwatsu, muka fuskanci kudu maso gabas, Yaya ya ja mu. Iska na kwashe karatunsa kafin ya iso kunnena. Da na sa goshi a ƙasa sai na ji yashin na da laushi kamar garin gawayi.

Hanyar nan da muke bi ba tsohuwa ba ce. Sai a 1974 aka gama gadar kogin Skeidara, mai tsawon mita 880, ita ce ta haɗe zoben da ya zagaye ƙasar. Kafin nan mutanen gabashin yashin, in za su Rekyabik da mota, sai su zagaya ta arewa. Yau gadar na nan tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Ƙanƙarar ta ja baya, a 2009 kogin ya sauya hanya ya bi wani kwari, aka gina 'yar gajeriyar gada a gefe, aka bar doguwar ba abin da ke bi ta ƙarƙashinta. Wannan ya fi allon yaran makaranta taɓa ni. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna tsoron kogi, suka tara ƙarfi suka yi masa gada, shekara 35 kacal kogin ya tafi.

A Skaftafell muka yini na uku, muna bin sawu a ƙafa zuwa bakin wasu rassan Vatnajokull. Daga nan ana hango Hvannadalshnukur, ƙololuwar ƙasar, mita 2,110. Yankin sunansa Oraefi, ma'ana kufai, tun bayan aman 1362 da ya share gonakin wurin. Da dare a masauki na ba Yaya labarin Ok, wata ƙaramar ƙanƙara a yammacin ƙasar da masanin nan Oddur Sigurdsson ya bayyana a 2014 cewa ta mutu, domin ta sirance har ta daina motsi, kuma wadda ba ta motsi ba a lissafa ta. A Agustan 2019 mutane suka hau dutsen, har da firaministar lokacin, suka kafa allon tunawa. Yaya ya ce, "Har zaman makoki suka yi mata?" Na ce kusan haka. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce duk abin da ke ba ka ruwa da wuta, in ya tafi dole ka ji.

Ni dai a daren ban yi barci da wuri ba. Mutanen nan wutarsu ba ta hayaƙi, amma ƙanƙararsu na tafiya saboda zafin da duniya ta tara, kuma a cikin hayaƙin akwai na jirgin da ya kawo mu, akwai na janareta biyun da suka yi mini makaranta. Ban ga laifin Yaya ba ko kaɗan, mutum ne da aka bari cikin duhu ya nemi halalinsa. Amma ban iya raba abubuwan biyu a raina ba, har yanzu ma ban iya ba.

Jokulsarlon na da nisan kusan kilomita 380 daga Rekyabik, kuma ba ya ba da sanarwa. Kana tafiya tsakanin tudun tsakuwa, sai ka hau wata farar gada, ka waiga hagu. Yaya ya taka birki har motar bayanmu ta yi mana ham. Tafki ne cike da tsaunukan ƙanƙara suna shawagi, wani fari, wani shuɗi, wani da ratsin baƙar toka, wani kamar masallaci da hasumiyarsa, wani kamar raƙumi a durƙushe. Abin da ke sama da ruwa kashi ɗaya ne cikin goma, sauran na ƙasa. Wasu dabbobin teku masu kai kamar na kare da gashin baki kamar na kyanwa suna leƙowa suna nutsewa a tsakaninsu.

Kakannin mutanen wurin ba su san tafkin nan ba. Wajen 1890 ƙanƙarar Breidamerkurjokull ta kusa taɓa teku, saura 'yan ɗaruruwan mitoci. A shekarun 1930 ta fara ja baya da sauri, ramin da ta haƙa da nauyinta ya cika da ruwa, yau shi ne tafki mafi zurfi a ƙasar, sama da mita 200, bakin ƙanƙarar kuma ya koma can nesa, kilomitoci da dama. Ruwan teku mai gishiri na shigowa ta ƙarƙashin gadar in ya yi tudu, yana cin ta ta ƙasa. Muna tsaye muka ji wata ƙara kamar tsawa daga nesa. Kafin mu gano inda take, wani ƙaton dunƙule a gabanmu ya karkata, ya juya a hankali, cikinsa ya fito sama, shuɗi garau yana zubar da ruwa. Kowa a bakin tafkin ya yi tsit.

Yaya ya ciro waya ya kira Hajiya ta bidiyo. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ana jin kukan tattabaru a bayanta. Ya juya mata wayar ya ce, "Hajiya, kin ga abin da Auta ya kawo ni gani." Ta matso da fuskarta ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Duk wannan ƙanƙara ce? Wa ke da ita?" Ya ce ta Allah ce, ba mai ita. Ta ce to mu rufe ƙirjinmu da kyau, kada mu dawo mata da mura, Allah ya yi mana albarka. Muka ce amin.

A ɗaya gefen hanyar, inda ɗan gajeren kogin ke fitar da ƙanƙarar zuwa teku, igiyar ruwa na dawo da gutsattsarinta ta zubar a kan baƙin yashi. Ga su nan birjik, daga mai girman tulu zuwa mai girman mota, rana na ratsa su. Yaya ya riƙa bin su ɗaya-ɗaya yana shafawa, yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana. Ya zaɓi wani dunƙule da bai fi kan jariri ba, ya ɗaga shi saitin rana. Ba gajimare ko ɗaya a cikinsa, sai 'yan ƙananan ƙwayoyin iska. Na ce masa masu jagora a nan na cewa wata ƙanƙarar ta kai shekara dubu, iskar da ke ciki kuma tun ta wancan zamanin ce. Ya ce shekara 11 yana nema ya fitar da irin wannan bai taɓa samu ba.

Ya naɗe ta a tawul, ya sa cikin leda, ya ƙara naɗewa da rigar sanyinsa ta biyu, ya ajiye a but, nesa da hita. Na ce, "Yaya, ba za ta kai ko'ina ba fa." Ya ce ya sani, so yake ya ga ƙarfinta.

Awa guda muka yi zuwa Hofn, garin masunta, inda ƙasa ke ɗagowa kusan santimita guda a shekara saboda nauyin da ke sauka daga kanta. Bai buɗe but ba a daren. Da asuba na farka na tarar ba ya ɗaki. Na leƙa taga na gan shi a tsakar gidan masaukin, cikin jallabiya da hular sanyi, yana warware tawul. Ya shigo da ita a tafin hannu, ta koma kamar ƙwan agwagwa, santsi, ba kusurwa ko ɗaya. Ya saka ta a kofin gilashi, ya zuba ruwa kaɗan, ya kara a kunnensa, sannan ya kara a nawa. Tana ƙara ƙasa-ƙasa, tas, tas, tas, iskar na fita.

Muka yi salla, muka zauna muna jira har ta narke. Ya yi bisimilla ya sha rabi, ya miƙo mini sauran.